Kabul Mai Kamu Uku

Ku samarin yanzu, da an ce muku haɗa tele da konsol, na'urar wasan nan, sai ku kwashe da dariya, ku ce wannan ma aiki ne? Ka soka nan, ka soka can, ka ɗauki manet, abin dannawar, ka hau buga ƙwallo. To madalla. Ni Lawali shekara talatin da ɗoriya ina wannan soke-soken a Magarya, a bayan tele furfura ta same ni, kuma har gobe in aka miƙo mini kabul sai na juya shi a hannu na sake juyawa kafin in yarda da shi. Ku zuba mini shayin nan na biyu, ku gyara zama, in gaya muku abin da ke cikin baƙar igiyar nan da kuka raina.

Rediyon wani mai goro ne aikin farko da aka sakar mini. Lokacin ina koyon aiki wurin Malam Isuhu mai rediyo, a wata rumfar kara kusa da tasha. Rediyon nan ba ya magana, ko tari ba ya yi. Na kwance shi ƙusa-ƙusa, na baje kayan cikinsa a kan faifai, na canza wannan, na narka dalma a wancan. Kwana uku ina fama, gumi har cikin ido, Malam Isuhu yana gefe yana taunar goronsa kamar bai san ina duniya ba. Rana ta huɗu ya miƙa hannu ya kama wayar da ke zuwa batir, ya lanƙwasa ta dab da kai, sai ga rediyo ya ɓarke da waƙa. Ashe a ciki ta katse, fatarta kuwa lafiya lau. Ya ƙwanƙwashe ni a ka da gindin turnebis, abin kwance ƙusa, ya ce, "Ka duba waya tukuna." Iyakar karatun da ya yi mini da baki ke nan a wannan shekara, sauran duk da ido na ɗauka. Shekara shida na yi a gabansa. Da idonsa ya yi rauni ya bar aiki, sai ya ba ni akwatinsa na ƙarfe, kore, mai hannu ɗaya, da kayan aikin da ke ciki. Ku riƙe zancen akwatin nan, za mu dawo kansa.

Kai, mun ga zamani! Mun ɗaura antan, wato eriya, a kan gora muna juyawa a bisa soro, na ciki yana ihu wai ya yi, kafin ka sauko ya ce ya ɓace. Mun ga kaset, mun ga faifai, mun ga farabol mai kamo tashoshin waje. Sannan ƴan tafiya suka fara dawowa daga Libiya da Aljeriya da ramukan zinariya da manyan tele shafaffu, faɗinsu kamar ƙyauren ɗaki, da konsol a hammata. Nan aiki ya yi daɗi. Wallahi ranar da na fara ganin konsol a kan irin telen nan da kabul ɗin da ya dace da ita, tsaye na ƙame da turnebis a hannu, baki buɗe. Gumi na gani yana gangarowa a wuyan ɗan wasa, mutumin da ba uwa ce ta haife shi ba, na'ura ce ta zana shi. Ran nan abincin rana ya huce a kwano ban waiwaye shi ba.

Wani malamin lakwal, makarantar boko, daga Bande ya taɓa kawo mini telensa a kan moto, wato babur, an naɗe ta da bargo, yana ta bambami wai an cuce shi, an sayar masa da mai ciwon ido. Na juya bayanta. Me zan gani? Kabul mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja. Wannan ai na tsohuwar tele mai ƙusumbi ne. Duk hoton da konsol ta fitar, da launinsa da haskensa, ta kan nan guda mai ruwan ɗorawa yake matsewa ya wuce, ya iso a dame. Ƙaramar tele tana rufa masa asiri, babba kuwa tona shi take yi. Kuma babbar sai ta ɓata lokaci tana buɗa hoton don ya cika fuskarta, ka danna manet yanzu, ɗan wasanka ya ɗaga ƙafa bayan an ƙwace ƙwallo. In konsol tsohuwa ce ba ta da wata ƙofa, ka nemo mata mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto, wani jan da fari na murya, kuma ka kula da jajayen nan biyu, don in ka musanya su mutanen cikin tele korra za su koma, lasifika ta yi ta gurnani. In kuwa tana da ƴar ƙofar nan mai faɗi, zance ya ƙare, HDMI za ka sa, wanda ni nake ce wa mai faffaɗan baki. Hoto da murya duk ta cikinsa suke bi. Malamin nan na cire masa mai kai uku na soka mai faffaɗan baki. Ya kalla, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake kallo, ya ce yanzu da wane ido zai dubi mai kantin da ya wanke tas jiya.

To amma mai faffaɗan baki ma iri-iri ne, kuma nan ake yi wa mutanenmu wayo. A ƙasar nan mutum yana sayen kabul ne yadda yake sayen igiyar guga. Ya ja da ƙarfi, ya ɗaga ya ji nauyi, ya zaɓi mafi kauri da mafi tsawo, in bakinsa yana ƙyalli kamar zinariya ya ƙara dala ɗari yana murna. Masu ƙera na banza sun san halinmu sarai, roba suke tara masa a jiki, cikin kuwa ba komai. Shi ya sa nake yawo da mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar lasifika. In na goga shi a tsakiyar kabul ya kama, to baƙin ƙarfe ne a ciki aka yi masa wankan jan ƙarfe. In kwali guda zan saya, ɗaya nake sadaukarwa, in fere shi da reza in kunna masa wutar birike: jan ƙarfe na gaske ya yi ja ya tsaya, na jabu, wato sanholo, ya lanƙwashe ya zube. Akwai tsohon buroshin haƙori na share ƙofar tele, don rabin abin da ake kawo mini da sunan lalacewa, ƙasa ce da gidan zanzaro. Sai kuma babban makamina, kabul ɗin gwaji. Baƙi ne, siriri, kamu uku, ba ƙyalli ba ado, cikin kwalin wata tele na same shi. Duk abin da na soka masa shi bai kawo hoto ba, to ba laifin kabul ba ne. An taya shi ba sau ɗaya ba, na ce ba na sayarwa ba ne. Ku sani, shi mai faffaɗan baki ba ya rabin aiki: ko ya kawo hoto gaba ɗaya, ko ya kawo fararen ɗigo-ɗigo, ko ya ɗauke. Gajere mai kyau da mai tsadar tsiya hotonsu ɗaya ne. Tsawo ne abokin gabarsa.

Duk wannan na sani, amma da idona biyu na faɗa rami. Shekarar da aka rufe iyaka kaya suka daina shigowa daga Kano, akwatina ya bushe, masu konsol suna ta sallama ina ba su haƙuri. Sai wani ɗan kasuwa ya kawo mini kwali guda. Jajaye ne, saƙaƙƙu kamar mazagin wando, bakinsu ruwan zinariya. Kwaɗayi da gaggawa suka rufe mini ido, ban fere ko ɗaya ba, mayen ƙarfe yana aljihuna ban fito da shi ba. Na soka guda na minti biyu, hoto ya fito, na ce a sauke. Na rarraba su Sassumburum, Bande, Dungas, har ƙauyukan da ban san sunansu ba. Da bazara ta yi zafi suka fara nuna hali. Ana tsakiyar wasa sai tele ta yi baƙi ƙirin, ka ƙirga ɗaya, biyu, ta dawo. A fim wannan ba komai ba ne. A ƙwallo kuwa, kafin ta dawo an zura maka. An yi dambe a kan haka, an fasa manet, an yi wata guda wasu abokai ba sa gaisawa. Wata fada ta samari a Sassumburum suka raɗa mini suna Lawali Ƙifta, sunan ya bi motocin kasuwa ya riga ni zuwa ko'ina. Na hau moto na bi gida-gida na karɓe kayana, na tara su bayan rumfa na cinna musu wuta. Kabul ya ƙone, suna bai ƙone ba. Wata takwas tocila da cajar waya nake gyarawa, ina kallon manyan tele suna wuce ƙofata zuwa wurin wasu. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ana cikin haka, wata hantsi kabu-kabu ya sauke wani saurayi a gaban rumfata, dogo, da sanda a hammata, ƙafarsa ta dama a shanye daga gwiwa. Sunansa Hamisu, daga Dogo-Dogo. A ramin zinariya can arewa ƙasa ta rufto masa, aka ciro shi da rai amma ƙafa ta tafi. Abin da ya samu duka ya zuba a babbar tele da konsol da fanon sola da batir, ya kafa rumfa a ƙofar gidansu bakin hanyar kasuwa, don samari su riƙa zuwa suna buga ƙwallo suna biya. Wata biyu ke nan, hoto a dame, wanda ya zo sau ɗaya ba ya komowa. Mahaifinsa, Malam Habu, manomi ne mai kiwo, ya ce shi bai ga abin da tele take haifa ba. Ya riga ya yi magana da wani dillali Tanko: ranar kasuwa a ɗauke tele da konsol, a sayo tumaki. Tumakin kuwa ƙannen Hamisu ne za su kora daji, shi da ba ya iya bin garke ko riƙe hauya sai zaman gindin bedi yana jiran a miƙo masa tuwo. Kasuwa kuma jibi.

Na tambaye shi bai ji sunan da ake kirana da shi ba ne?

Ya ce, "Na ji, Kawu. Amma na ji kuma kai kaɗai ne ka taɓa bin mutane har gida ka karɓi kayanka da suka lalace."

Kai, sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ka. Na tambaye shi nisan da ke tsakanin konsol da tele, ya ce taki goma sha biyar. Nan ya kamata in tsaya in tambayi dalili. Ban tsaya ba. Ina da wani dogon kabul na metir goma sha biyar da na daɗe da ajiyewa, mai kyau ne, mayen ƙarfe bai kama shi ba. Na ce a raina, da wannan zan wanke sunana a gaban gari guda.

Washegari na ɗaure akwatin Malam Isuhu a bayan moto na bi ta Dungas, rairayi yana ta neman kayar da ni. Abin da na tarar a rumfar Hamisu har yau in na tuna sai na yi dariya. Kun san mu, duk abin da ya gaza tsawo ƙari muke yi masa, duk abin da ya katse robar taya ce maganinsa, daga takalmi har bututun famfo. Hamisu ya yanke mai kai uku, ya murɗa masa wayar kuran, wato lantarki, ta ɗaki, ya naɗe gaɓoɓin da robar cikin tayar moto, gaɓa huɗu kamar rake. Kuma abin haushi yana kawo hoto, amma wane iri? Kowane ɗan wasa da inuwarsa biyu, ƙwallo kuwa sai ka yi duba. Malam Habu ya ce shi miyar kuka yake gani an zubar a faranti. Da wani ya gaya wa Hamisu mai faffaɗan baki ya fi, sai ya sayo uku a kasuwa ya datse kawunansu zai yi musu irin wannan ƙarin. Ya fere ya tarar da wayoyi goma sha tara a ciki, kowace kamar gashin jela. Ya nuna mini gawarwakin a leda, na ce Allah ya ji ƙansu.

Na bi wayar da hannu, na ga ta haura katanga ta shige wani rami a bangon ɗaki na cikin gida. Ɗakin wa? Na Inna Hajara, mahaifiyarsa. Kun san al'adarmu, ɗa in ya dawo daga tafiya, abin da ya fi daraja ɗakin uwa yake kwana. Tele ta yi girman da ɓarawo ba zai gudu da ita a moto ba, konsol kuwa cikin riga ma a ɓoye ta. Inna ta ce abin da aka saya da ƙafar ɗanta ba zai zauna a bakin hanya ba. Hamisu ya gaya mini a cikin babbar langa ta sa ta, ta huda gefen murfin don waya ta fito, ta lulluɓe da ƙyalle mai surfani saboda ƙura. Daga zaure ma ina jin fankar cikinta tana huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Manet kuma, da yake marasa waya ne, sai masu wasa sun matsa jikin katanga sun ɗaga hannu sama kafin konsol ta ji su ta cikin bangon laka.

Na fito da dogon kabul ɗina, Hamisu ya shiga ya soka ta can, na soka ta nan. Na kunna. Wayyo, ku zo ku ga hoto! Samarin fadar unguwar da ke shan shayi a gefe suka watsar da kofuna suka yo kan rumfa. Lambar riga tar, igiyar takalmi tar. Hamisu ya jefar da sanda ya rungume ginshiƙin rumfa yana dariya. Ni kuwa ƙirjina ya cika, har na fara gyara hula. Biyu suka ɗauki manet. Minti huɗu, minti biyar, ɗaya ya yanke mai tsaron gida zai buga, sai tele ta yi baƙi. Ɗaya, biyu, ta dawo, ƙwallo tana waje.  Can wani mai jar hula, Sale, ya ce a hankali, "Ashe shi ne Ƙifta." Aka bushe da dariya. Malam Habu yana zaune a kan buzu a bakin zaure, bai yi dariya ba. Ya kaɗe rigarsa ya tashi, ya ce wa ɗansa gobe da hantsi Tanko zai zo da amalanke, a shirya kwalin.

Na zauna a kan akwati, kunya kamar in nutse. Sai na ji kamar gindin turnebis ɗin nan na Malam Isuhu ya sauka a kaina. Na ce a fito mini da konsol na minti goma kawai. Da ƙyar Inna ta yarda, ta biyo ta har bakin zaure. Da na taɓa ta sai da na janye hannu don zafi. Na ajiye ta a ƙarƙashin tele, na soka kabul ɗin gwajina mai kamu uku, na ce su buga. Suka buga wasa guda cif, ko gezau. Manet yana jin magana tun kafin yatsa ya gama dannawa. To ashe ba kabul nake buƙatar nemowa ba, tsohuwa nake buƙatar shawo kanta.

Na nemi izini na durƙusa a zaure, tana tsaye daga ciki da mayafi. Na gaishe ta, na tambayi gajiya da ƴan jikoki. Na yi mata bayanin tsawo da zafi da bangon laka. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce ita ba ta san tsawo ba, ta san dai ranar da aka sauke mata ɗa daga mota a kan tabarma. In an sace abin nan, wace ƙafar zai sake bayarwa? Kuma ta ji yadda samari suka kira ni. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Na duba hagu na duba dama, idona ya sauka a kan abin da nake zaune a kai.

Na ce, "Inna, in na sa ta cikin ƙarfe, na ɗaure ƙarfen a ginshiƙi, na sa kwaɗo, makulli yana hannunki, ke za ki buɗe da safe ki ɗauke da magariba, kin yarda?"

Ta ce in nuna mata ƙarfen. Na juye kayan aikin Malam Isuhu a ƙasa na tura mata akwatin. Ta ƙwanƙwasa shi, ta ɗaga, ta ja hannun da ƙarfi, daidai yadda ake sayen igiyar guga. Ta tambaya na wane ne. Na ce na maigidana ne da ya koya mini aiki, shekara ashirin da biyar yana hannuna. Sai ta ce, "Makulli ɗaya za a yi."

Bayan la'asar na kai shi maƙera. Na tsaya a kan maƙerin yana huda shi da kurfi, ramuka jere-jere a gefe biyu da baya don iska ta ratsa, da ɗan babban rami na fitar waya, muka goge bakinsa da magagari kada ya yanki kabul. Kowane bugu a ƙirjina nake jinsa, amma ina ta cewa ƙara nan, ƙara can. Ya yi masa maɗauri biyu na ƙarfe, muka ɗaure shi a ginshiƙin rumfa ta gefen inuwa, dab da ƙarƙashin tele, muka dasa ƙusoshin ta ciki yadda ba mai kwance su sai ya buɗe. Kwaɗon ya zo da makulli uku. Inna ta ɗaure ɗaya a bakin zane, biyun ta jefa rijiya muna kallo.

Ranar kasuwa tun da hantsi hanya ta cika da jakuna da motoci da masu kora awaki. Inna ta fito da konsol a langarta, ta sa a akwati da hannunta, na soka kamu uku, ta datse kwaɗo, ta shimfiɗa tabarma a gefe da farantin gyaɗa. Ba a jima ba sai ga Tanko dillali da amalanken shanu, an shimfiɗa katifa a kai don kada tele ta fashe a hanya. Malam Habu ya fito daga zaure da sandarsa. Hamisu ya roƙe shi wasa guda kawai, ya ce to, wasa guda. Na kunna. Filin ƙwallo ya buɗe, kore shar, rana tana dukansa. Tsohon ya matso, ya ƙara matsowa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ce ashe ba miya ba ce, ciyawa ce, ga ta nan ƙwaya-ƙwaya. Ya tambaya a wace ƙasa ce ake barin irin wannan ciyawa ƙarti suna tattakewa ba a sako mata ko maraƙi ba. Aka yi dariya, har da Tanko.

Sale mai jar hula ya ce shi zai buga, don ya ga ƙiftawar da idonsa. Hamisu ya ɗauki ɗaya manet ɗin ya zauna a kan benci, ya miƙe shanyayyiyar ƙafarsa. Mutanen kasuwa suka yi dafifi, wasu a kan jakuna suna leƙe ta saman kawuna. Ni ban ga wasan nan ba, gefen tele nake kallo, ina ƙirga numfashi. Minti biyar. Minti takwas. Aka juya, ba ta ƙifta ba. Sai na ji rumfa ta ɗauki guɗa da ihu, na ɗago. Wani mai lamba bakwai ne ya karɓi ƙwallo a gefen fili ya zuba da gudu, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, iska tana kaɗa rigarsa. Na kusa da ni ya ce haka Hamisu yake yi a filin bayan lakwal kafin ya tafi arewa, duk Dogo-Dogo ba mai kamo shi. Mai lamba bakwai ya yanko ciki ya ɗirka ta a raga. Sale ya dafe kai. Ni ban san lokacin da na cire hula na jefa sama ba, da girmana.

Malam Habu bai motsa ba. Ya kalli telen, ya kalli babban yatsan ɗansa a kan manet, ya sake kallon telen, inda ake maimaita gudun a hankali.

Ya ce, "Hamisu, wancan mai gudun, kai ne?"

"Ni ne, Baba."

 Samari sun riga sun yi layi, ƴan dala suna faɗawa a kwanon da ke gaban Inna, Tanko yana ta gyaran murya yana duban rana. Can Malam Habu ya juya, ya goge ido da gefen rawani kamar ƙura ce ta shiga, ya ce, "Tanko, juya shanunka. Gonar yaro ce wannan, ba zan sayar masa da gona ba."

Da zan tafi Hamisu ya ce in cire kabul ɗina, zai aika a sayo masa irinsa. Na kai hannu, na fasa. Abin da aka taya sau goma na hana, kyauta na bar shi a Dogo-Dogo, kuma na hau moto ina waƙa har Dungas. Aiki ya dawo mini bayan nan, a hankali, ta bakin mutanen kasuwar nan. Har yau akwai masu ce mini Ƙifta, in amsa musu, don ni na jawo.

Shi ya sa kuke ganina da kayan aiki cikin buhun shinkafa kuna yi mini tsiya. In hanya ta kai ɗayanku Dogo-Dogo, ya tsaya a rumfar bakin hanyar kasuwa. Tele uku ne yanzu a ciki. Ya duba ginshiƙin tsakiya, zai ga koren akwati duk huji, da baƙin kabul siriri yana fitowa daga bayansa. Ya kalla da ido kawai, kada ya taɓa, don tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a gefe tana ganinsa, kuma makullin yana bakin zanenta.